Sunan Allo da Sunan Baki: Wa Ya Kamata Ya Raɗa wa Titin Kano Suna?

Wanda ya hau adaidaita sahu a shataletalen Dangi ya miƙi titin Zariya zuwa Unguwa Uku, zai ji sunaye iri-iri suna fita daga bakin fasinjoji, kuma kowanne da hanyar da ya bi ya samu gindin zama. Dangi sunan kantin magani ne da ya daɗe a wurin. An haƙa hanya ta ƙasa, an ɗora gada a sama, sunan bai motsa ba. Gadar Lado jama'a ne suka laƙaba mata sunan Bashir Garba Lado, sanatan Kano ta Tsakiya daga 2011 zuwa 2015. Court Road ta Gyaɗi-Gyaɗi kotunan da ke wurin ne suka jawo mata suna. Asibitin koyarwa da aka kafa a 1988 hukuma ce ta ba shi sunan Malam Aminu Kano, mutane kuma suka taƙaice shi zuwa Asibitin Malam. In ka saki babban titi ka kutsa cikin Darmanawa kuwa, sai allo ya yi ƙaranci, kwatance ya karɓi aiki: layin masallaci, layin mai unguwa, bayan makaranta, daidai taransifoma.

Duk lokacin da gwamnati ta sanar da cewa ta sauya wa wani titi ko wata gada suna, gardama kan tashi a majalisun bakin titi da shirye-shiryen rediyo. Wasu na ganin haƙƙin hukuma ne ta raɗa suna, ta sauya wanda bai dace ba, ta karrama waɗanda suka yi wa ƙasa hidima. Wasu kuma na cewa sunan da bakin jama'a ya saba da shi dukiyar jama'a ce, ba ta gwamnan da ke kan kujera ba. Ina da ɓangaren da na fi karkata gare shi, amma na ga kowanne ɓangare yana riƙe da wata gaskiya da ɗayan ba ya son ya kalla.

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san inda abin ya samo asali. Tsohon birnin Kano bai san sunan titi ba. Unguwa ya sani, da ƙofa, da gidan wane. Sunayen unguwannin kuwa su ne rajistar waɗanda suka zo suka zauna: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda fataken Larabawa na arewacin Afirka suka sauka tun kafin a ga Nasara, Sharifai da ake dangantawa da zuriyar Shehu Magili wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wasu unguwannin sana'a ce ta ba su suna, irin su Dukawa da Soron Ɗinki. Babu wanda ya yanke ƙyalle, babu wanda ya buga hatimi. Mutane sun yi ta faɗa har sunan ya zauna, kuma ya zauna shekaru ɗaruruwa.

Titi miƙaƙƙe mai allo a bakinsa ya zo ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Layin dogo ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, aka shata Nassarawa da Bompai. A nan aka fara samun Bank Road da Post Office Road da Club Road da Race Course Road, waɗanda aikin da ake yi a wurin ya ba su suna, da kuma manyan hanyoyin da suka ɗauki sunan garin da suka nufa: Zariya, Katsina, Haɗeja, Maiduguri. Bayan samun 'yanci, musamman bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, sai sunayen shugabanni suka hau allo. A daidai wannan lokaci birnin ya tumbatsa ya yi kudu, ya haɗiye ƙauyukan da a da suke bayan ganuwa. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku da Hotoro, yau duk mazaɓu ne cikin goma na Ƙaramar Hukumar Tarauni. Shi ya sa a wannan yanki ɗabi'un biyu suka yi karo fiye da ko'ina: babban titi na bin tsarin allo, cikin unguwa na bin tsarin baki.

Masu goyon bayan hukuma ta riƙe wuƙar raɗin suna, hujjarsu ta farko karramawa ce. Suna cewa al'ummar da ba ta tuna mutanenta ba za ta haifi irinsu ba. An kashe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976, ɗan Kano ne, a Kano aka binne shi. Ina laifin babban titin da ya ratsa tsakiyar kasuwancin garin ya ɗauki sunansa? Kanar Ibrahim Taiwo, gwamnan soja na Kwara, a wannan yunƙurin juyin mulkin aka kashe shi, kuma Kano ta ba shi ɗaya daga cikin titunanta mafi cunkoso ko da yake ba ɗan jihar ba ne. Audu Baƙo, gwamnan farko, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, ya bar madatsun ruwa da sakatariya da gidan zoo. Titi guda bai biya shi ba. Sabo Bakin Zuwo watanni uku kawai ya yi a gidan gwamnati a 1983, kuma ga yaran yanzu da yawa titin da ke ɗauke da sunansa ne kaɗai wurin da suke cin karo da shi. A ganinsu allon titi aji ne da ba ya tashi, kowa kuma ɗalibinsa ne, har wanda bai taɓa shiga makaranta ba.

Hujja ta biyu ta fi zafi. Sunayen da Turawa suka bari, in ji su, tabon mulkin mallaka ne, kuma babu dalilin da zai sa 'yantaccen mutum ya ci gaba da rubuta su a adireshinsa. Sukan kawo misalin maƙwabtanmu. A watan Oktoba 2024 hukumomin Nijar suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi a Yamai suka sa na Jibo Bakari, jagoran jam'iyyar Sawaba wanda ya nemi jama'a su ƙi zama ƙarƙashin Faransa a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958. Duk wanda ya san abin da aka yi wa 'yan Sawaba bayan wannan ƙuri'a zai fahimci dalilin da ya sa mutane da yawa suka ji sanyi a ransu. Idan Yamai ta iya, me ya hana Kano?

Hujja ta uku ba ta da kirari, amma ita ce na fi ganin nauyinta, don ita ta shafi Darmanawa kai tsaye. Kwatance yana aiki ne ga ɗan unguwa kawai. Mace na naƙuda cikin dare, an kira mota, direba baƙo ne. Gobara ta tashi, an kira 'yan kwana-kwana. Ana ta faɗa a waya, a ce ka wuce mai shayi ka karya dama, alhali mai shayin ya tashi tun ƙarfe goma sha ɗaya. Layin masallaci nawa ne a cikin mazaɓa guda? Layin taransifoma fa, in an ɗauke taransifoman? Banki na neman adireshi, masu katin ɗan ƙasa na nema, kotu na neman inda za a kai sammaci, mai sayar da atamfa ta intanet na neman inda ɗan aike zai sauke kaya. Talaka ne ke shan wahalar rashin adireshi, don mai kuɗi gidansa da kansa alama ne. Ko a manyan tituna akwai ruɗani: Court Road biyu aka sani a Kano, ɗaya a Sabon Gari ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi. Wannan ba abin da bakin jama'a zai warware ba ne. Sai wata hukuma ta zauna da rajista guda. Kuma doka ta riga ta tanadi haka, domin jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa raɗa wa hanyoyi suna da sa wa gidaje lamba cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Sukan ƙara da cewa bakin jama'a ma ba alƙalin adalci ba ne. Sau da yawa layi kan ɗauki sunan wanda ya fara gina bene a cikinsa, ba na malamin da ya shekara talatin yana koyar da yaran layin a zaurensa ba. Wani wurin kuma sunan kamfani yake ɗauka, ya zama talla ta har abada ba tare da an biya ko sisi ba. Kantin zamani da aka buɗe a Zoo Road a 2014 sunan marigayi Sarki Ado Bayero aka ba shi, amma mutane da yawa Shoprite suke kiransa, har bayan kamfanin ya tattara ya bar wurin a farkon 2024. Wannan adalci ne ga sarkin da ya shekara hamsin da ɗoriya a kan karaga?

To, ga ɗaya ɓangaren. Su ba su musa amfanin adireshi ba. Abin da suke ƙi shi ne a kankare sunan da ke raye a maye gurbinsa. Suna cewa tsohon suna shaida ne, kuma wanda ya goge shaida ya yi wa tarihi ɓarna ko da niyyarsa mai kyau ce. Ka shiga Sabon Gari ka karanta allunan: Yoruba Road, Igbo Road, Abeokuta Road, Aba Road, Enugu Road, Warri Road, Gold Coast, Freetown. Wannan jerin shi ne bayanin waɗanda suka bi jirgin ƙasa suka zo Kano neman abinci, daga kudancin Nijeriya har Gana da Saliyo. An yi rikicin 1966, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, an yi wasu fitintinun bayan nan, sunayen suna nan. A wurina wannan abin alfahari ne ga Kano. Beirut Road, inda ake cinikin waya da kwamfuta a yau, ita ke tuna mana da 'yan kasuwar Labanan da suka yi zamani a cinikin gyaɗa da yadi.

Misalin da ya fi nuna haɗarin gaggawa shi ne France Road. Mutane da yawa sun ɗauka ƙasar Faransa ake nufi, don haka duk lokacin da aka ji haushin Faransa sai a ji masu cewa a tuge allon. Amma masu binciken tarihin Sabon Gari sun rubuta cewa mutum ne, G. E. France, tsohon akawu daga Gana ta wancan zamani, wanda ya shugabanci mazauna Sabon Gari a shekarun 1930. Wanda ya biyo bayansa a wannan matsayi, Barlatt-Hughes, mai ɗaukar hoto ne ɗan Saliyo, shi ma akwai titi da sunansa a unguwar. Ke nan wanda ya goge France Road da nufin ya rama wa Afirka, ɗan Afirka ya goge. Ba duk sunan da ya yi kama da na Bature ne na mai mulkin mallaka ba, kuma ko wanda yake na Baturen ne, ba duka suka zama ɗaya ba. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa gidan Hanns Vischer ne, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, kuma Hausawa ne da bakinsu suka ba shi wannan laƙabi. Wa zai ce a sauya shi?

Haka sunayen kamfanoni da ake yi wa gori. Tal'udu daga Taylor Woodrow ya fito, kamfanin gine-gine na Ingila. Harshen Bakano ya tauna shi ya mai da shi nasa, har yaro ba zai ce ba Hausa ba ce. Bata kantin takalma ne. Wapa gidan silima ne kafin ya zama matattarar 'yan canji. Eldorado ma haka, da Marhaba ta wajen Farm Centre a nan Tarauni. Gidajen silima sun mutu, kamfanonin sun tafi, amma wanda zai rubuta tarihin nishaɗi da kasuwanci a Kano ta ƙarni na ashirin zai iya fara aikinsa daga bakin kwandastan mota. Wannan ba talla ba ce kuma, ta zama ajiya.

Hujjarsu ta biyu siyasa ce, kuma a nan ba su rasa misali ba. An kafa Jami'ar Northwest a 2012. A 2017, bayan rasuwar Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule, aka mai da ita Jami'ar Yusuf Maitama Sule. A ƙarshen 2024 aka dawo mata da sunanta na farko. Cikin shekara goma sha biyu makaranta guda ta sauya suna sau biyu, ɗalibanta na yawo da takardun shaida masu kai daban-daban. Rukunin gidajen da gwamnatin Kwankwaso ta gina a gefen birni, gwamnatin Ganduje ta sauya musu suna zuwa na manyan malamai. Babu mai jayayya da darajar malaman. Abin da ke damun mutane shi ne a jawo sunan malami cikin rigimar da ba shi ya haɗa ta ba, ta yadda gobe wani zai iya zuwa ya cire shi don ya huce haushin abokin hamayyarsa. Ba Kano kaɗai ba ce. A Legas an mai da Broad Street titin Yakubu Gowon, da aka hamɓarar da shi a 1975 aka mayar mata da tsohon sunanta. Ranar 29 ga Mayu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da sauya sunan Jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito kan titi, sunan bai zauna ba, ko da yake Abiola mutum ne da Legas ke ƙauna.

Kowane sauyi kuma da kuɗinsa. Mai shago zai sake allo da rasit da hatimi. Takardar fili na ɗauke da tsohon suna, takardar wuta na ɗauke da sabo, taswirar waya na nuna wani na uku. Aikin da aka ce don a rage ruɗani ake yinsa, sai ya ƙara shi.

Hujja ta uku ita ce mafi sauƙi: jama'a ba sa bi. Sunan kasuwar Sabon Gari a takarda kasuwar Muhammad Abubakar Rimi ne, kuma Rimi gwamna ne da talakawan Kano suka so ƙwarai, amma ka ce wa ɗan adaidaita ya kai ka kasuwar Abubakar Rimi, zai iya ɗauka kasuwar Rimi ta cikin gari kake nufi. Asibitin Nassarawa na ɗauke da sunan Kanar Muhammad Abdullahi Wase, kantoman soja da ya rasu a haɗarin jirgin sama a Jos a 1996. Mutum nawa ne ke kiransa da haka? Gadar da aka buɗe a shataletalen NNPC a farkon 2023 sunan Muhammadu Buhari aka ba ta, a baki kuwa Gadar Hotoro ce. Idan manufar ita ce karramawa, wace karramawa ce a rubuta sunanka a inda kowa ke tsallake shi?

Da na auna maganganun nan, abin da ya fi tsaya mini shi ne tambayar da ɓangarorin biyu ba su cika yi ba: me ya sa wani sunan hukuma ke kamawa, wani ya ƙi? Domin ba gaskiya ba ne a ce jama'a na ƙin duk abin da ya fito daga ofis. Asibitin Malam ya kama, filin jirgin Malam Aminu Kano ya kama. Asibitin Murtala ya kama, alhali shi yana da tsohon suna, asibitin birni. Kundila ya kama: an gina rukunin gidaje a kan fili, aka ba su sunan attajirin Kano na ƙarni na sha tara, yau ba wanda ya san wurin da wani suna. Titin Ibrahim Taiwo da na Audu Baƙo sun kama. Abu biyu nake gani a nan. Suna na kamawa idan wurin sabo ne, bakin mutane bai riga ya saba da wani ba. Yana kuma kamawa idan mutumin ya riga ya shiga zuciyar jama'a ta yadda su da kansu suke neman inda za su ajiye sunansa, kamar yadda aka yi jimamin Murtala a 1976 da na Malam a Afrilun 1983. In babu ɗaya daga cikin biyun nan, fenti kawai aka ɓata.

Wannan ya rage wa hujjar karramawa ƙarfi, amma bai kashe ta ba. Abin da ya fi raunana ta shi ne zancen cewa allo aji ne. Ka tsayar da matasa a titin Ibrahim Taiwo ka tambaye su wane ne shi, za ka ga ba kowa ne zai amsa ba. Suna shi kaɗai ba ya koyarwa. France Road ma da ake karewa, ai rashin bayani ne ya sa aka ɗauke ta ƙasa. Ke nan ɓangarorin biyu cuta guda ke damunsu: an rubuta suna an bar labari. Layi ɗaya a ƙarƙashin allo, da Hausa, ko da boko ko da ajami, mai faɗin wane ne mutumin da shekarun da ya rayu, zai yi aikin da sauya suna sau goma ba zai yi ba.

Maganar tabon mulkin mallaka kuwa ina girmama ta, amma a Kano aikin ya riga ya yi nisa. Manyan titunan Nassarawa da kewaye sunayen Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da sarakunan Kano suke ɗauke da su. Alu Avenue ma na tuna Sarki Alu, wanda a zamaninsa Turawa suka zo, suka kama shi suka kai shi Lakwaja. Abin da ya saura galibi sunayen aiki ne da na garuruwa da na baƙi 'yan Afirka. Halin Yamai daban ne, inda har zuwa 2024 babban titi yake ɗauke da sunan shugaban ƙasar da ta mulke su. In an samu irin wannan a nan, a bincika, a yi shawara a fili, a sauya. Amma a fara da bincike.

Su ma masu kare sunan baki akwai inda nake rabuwa da su. Suna magana kamar kowane lungu yana da tsohon suna mai tarihi, alhali a Darmanawa da Unguwa Uku da sauran unguwannin da suka cika cikin shekara arba'in ɗin nan, layuka da yawa ba su da suna ko kaɗan, ko kuwa suna da guda uku, kowane ɓangare na layin da nasa. Barin su haka ba kare tarihi ba ne, sakaci ne. Kuma gaskiya ne bakin jama'a yana da son kai. Duba yadda mata suka yi ƙaranci a allo da baki duka. In ka cire asibitin yara na Hasiya Bayero da 'yan kaɗan irinsa, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ci karo da sunan mace ba, a garin da kowace unguwa ta san ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin mutanenta, da malamar da ta buɗe Islamiyyar matan aure a tsakar gidanta. In aka bar wa baki shi kaɗai, waɗannan ba za su taɓa samun layi ba.

Bahaushe bai taɓa jin nauyin suna biyu ba. Yaro na da sunan yanka, yana da laƙabin da ake kiransa da shi a gida saboda alkunya, kuma ba a taɓa cewa ɗaya ya kori ɗaya. Abin da ba a yi shi ne baƙo ya zo bayan yaro ya girma ya ce ya soke sunan da aka raɗa masa ranar bakwai. Wannan nake so a yi wa tituna. Inda suna ya riga ya zauna a baki, kuma ba na cin mutuncin kowa ba ne, a rubuta shi a allo yadda ake faɗinsa: Dangi, Tal'udu, Zoo Road, Gadar Hotoro. In hukuma ta nace sai ta karrama wani a wurin, ta rubuta nasa tare da tsohon, kada ta kankare. Karramawa ta gaskiya kuwa a kai ta inda za ta kama, wato sababbin hanyoyi da layukan da ba su da suna, kuma Kano na da su fiye da yawan mutanen da za a karrama.

Sai sharaɗi biyu. Na farko, kada a ba titi sunan mai rai, balle wanda ke kan mulki. Na san wannan zai hana wasu mutanen kirki jin yabonsu da kunnensu, kuma na san jama'a da kansu sun yi wa Lado haka yana raye; amma abin da baki ya yi don kansa daban, abin da aka yi da kuɗin gwamnati da hatiminta daban. A bari mutum ya cika, a bar wasu shekaru su wuce, ƙurar siyasa ta lafa, sannan a duba. Na biyu, a mayar da aikin inda doka ta ajiye shi. Gwamnatocin jiha sun fi son gada da babban titi saboda nan kyamara ke zuwa, amma larurar tana cikin layi.

Ga Darmanawa, aikin bai fi ƙarfin sakatariyar Tarauni ba. Kansila da masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa su bi layi-layi da littafi. A tambayi dattawan da suka ga wurin yana gona, maza da mata, me ake kiran nan, kuma me ya sa. A rubuta amsar, domin yawancin abin da suka sani ba a takarda yake ba. Inda layi biyu suka yi tarayya a suna, wanda ya riga ya riƙe, ɗayan a nema masa wani. Inda babu suna, mutanen layin su kawo na mamacin da suka yarda ya yi musu hidima, a karanta shi a masallaci da wurin taron mata, a ba da wata guda ga mai ƙorafi. Za a yi saɓani, don akwai layin da gida biyu za su ce kakansu ne ya fara zama. Irin wannan a kai gaban dagaci ko hakimi a yanke a bainar jama'a, in ya gagara a ba layin sunan bishiya ko sana'ar da aka san shi da ita. Daga nan a sa wa gidaje lamba, a miƙa kwafin rajistar ga hukumar tsara birane da gidan waya da ofishin kashe gobara da masu taswirar waya, sannan majalisar ƙaramar hukuma ta yi dokar da za ta ce ba a sauya sunan da ya shiga rajista sai da amincewar mazauna layin a rubuce.